Sujadar da Na Nace a Yi wa Mama

Mahaifiyarmu ta rasu ana tsakiyar kulle, a farkon daminar shekarar da korona ta shigo. Ba korona ce ta ɗauke ta ba. Ciwon zuciya ne da ta yi shekaru tana lallaɓawa, ga kuma tsufa. Ta yi wanka da safe, ta sha kunun acca, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa kafin rana ta yi zafi. Ba ta sake tashi ba.

Mu huɗu ta bari. Babban yayanmu yana Kafanchan, ni ma a nan nake koyarwa a wata makarantar firamare, kuma ni ce auta. Biyun da ke tsakaninmu, namijin yana Legas, macen tana Abuja. A lokacin an rufe hanyoyi, ba mai shiga jiharmu ba mai fita, don haka ta waya suka yi kukansu.

Sai wanda ya san Mama zai gane abin da ya ci mini rai game da jana'izarta. Shekaru da yawa ita ce shugabar zumuntar mata a cocin ƙauyenmu, can gaba da Samaru Kataf. Ba a yin mutuwa a yankin ba a gan ta ba. Da ta ji labari sai ta ɗaura zanen zumunta, ta ɗauki tulun da take kiɗa da shi, ta bi gida-gida tana tattara mata. Su ne ɗebo ruwa, su ne hura wuta, su dafa fate a manyan tukwane, su zauna da wadda aka yi wa rashi har ta fara cin abinci da kanta. Na sha ganin ta taka da ƙafa zuwa ƙauye na uku saboda wata tsohuwa da ba mu haɗa komai da ita ba. Tun ina yarinya nake jin tana cewa, ranar tata ita ba ta son kuka, waƙa take so, a cika coci har wasu su tsaya ta taga.

Ranar tata, mu goma sha wani abu ne a bakin kabari. Fasto ya tsaya nesa da mu, takunkumi a fuskarsa, ya yi karatu cikin sauri yana waiwayen hanya, don an ce jami'an tsaro suna zagaye. Matan zumunta suna tsaitsaye a ƙofar gidajensu da bakin gonaki suna hangenmu. Ɗaya daga cikinsu ta ɗauko waƙa daga nesa, amma sauran sun yi mata nisa, ba a amsa yadda ya kamata ba, sai ta yi shiru. Kafin rana ta take tsaka an mai da ƙasa, kowa ya watse. Ko ruwa ba mu ba kowa ba.

A kan kabarin na ce wa yayana, "Yaya, wannan ba jana'izar Mama ba ce. Ajiye ta kawai muka yi. Ranar da aka buɗe gari sai mun tara jama'a a coci mun yi mata sujadar godiya yadda take so."

Ya ce, "Za mu yi, Auta. In lokaci ya yi."

Na riƙe rabin farko na maganarsa, na yar da rabin ƙarshe.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha shida. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, a gidansa na zauna na yi sakandare da kwalejin horon malamai. Ma'aikacin lafiya ne, ya yi aiki a ƙananan asibitocin ƙauyuka tun daga wajen Kagarko har Kasuwan Magani, kafin ya yi ritaya ya dawo Kafanchan ya kama noman citta. Mutanen unguwa suna ce masa likita, duk da ya gaji da gaya musu shi ba likita ba ne. Mutum ne mai sanyin magana, mai son rediyo, wanda ba ya sa hannu a abinci sai ya wanke shi har gwiwar hannu, tun kafin duniya ta fara wa'azin haka. Yana da ciwon suga, amma yana kula da shi sosai har mukan manta.

Da aka sassauta kulle aka ce a koma coci da kasuwa, garin ya zama kamar an kwance awaki da safe. Lahadin farko an ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar coci, an ja layi da alli a kan benci, mutum uku a inda bakwai ke zama. Lahadi na huɗu bokitin yana nan amma ba ruwa. Kafin wata biyu allin ya goge, takunkumi ya sauka daga hanci zuwa haɓa, daga haɓa zuwa aljihu. Ban ga laifin kowa ba, don ni ma haka na yi. Ba mu san mutum ko ɗaya da korona ta kashe ba. Abin da muka sani shi ne yunwar da aka sha lokacin kulle, da tumatir da ya ruɓe a gona ba mota. Ga shi a wannan daminar an yi ta kai hare-hare ƙauyukan yankinmu, aka sake sa mana dokar hana fita, mutane suna binne 'yan'uwansu da aka kashe a gona da cikin ɗaki. In ka ɗauko zancen korona a kasuwa sai a kalle ka kamar mai zolaya. Wata mai sayar da doya ta taɓa ce mini, "Malama, wannan ciwon masu hawa jirgin sama ne. Mu nan abin da yake kashe mu da ƙafa biyu yake zuwa."

Yaya ne kaɗai a layinsu na dattawa a coci da bai cire takunkumi ba. Ya daina miƙa hannu, sai dai ya dafa ƙirji ya ɗan sunkuya. Abokansa suna tsokanarsa wai ritaya ta bar shi ba aiki shi ya sa ya riƙe korona. Yakan yi murmushi, ana gani a idonsa, bai taɓa mayar musu ba.

Da aka fara haƙar citta, wajen ƙarshen shekara, muka yi magana ta waya mu huɗu. Na ce Kirsimeti ya zo daidai, kowa zai dawo gida, a yi sujadar Mama kwana biyu bayansa. Na Legas da ta Abuja suka amince nan take. Su da ba su ga gawarta ba, abin yana cinsu fiye da ni. Yaya bai ce komai ba a wayar. Washegari da la'asar sai ga shi a gidana a kan babur. Ya ƙi shiga ɗaki, ya zauna a benci ƙarƙashin mangwaro.

Ya ce, "Auta, ina so mu ɗaga sujadar nan."

"Zuwa yaushe?"

"Ko zuwa Ista. Mu ga yadda abin zai kasance."

Na ce, "Wane abu kuma? An buɗe kasuwa, an buɗe makaranta. Shekaranjiya aka yi biki a layinku, mutane har kan titi."

Ya ce, "Buɗewa aka yi, ba warkewa aka yi ba. Ciwon bai je ko'ina ba, mu ne muka gaji da shi. Na yi aiki lokacin sanƙarau, na yi lokacin kwalara. In ya lafa mutane su saki jiki, sai ya dawo, kuma dawowar ta fi muni don ba mai jin tsoro kuma. Ki duba abin da za mu yi. Mu kwaso mutane daga Legas, daga Abuja, daga Jos, mu zuba su wuri ɗaya da tsofaffin ƙauye, a yi ta waƙa awa huɗu. Ƙawayen Mama duk sun haura saba'in."

Na ce, "Saboda ƙawayen Mama nake so a yi yanzu. Wa ya san wadda za ta kai baɗi?"

"In muka tara su, mu ne za mu hana wasu kaiwa."

Wannan maganar ce ta hasala ni. Abin da na faɗa bayanta na maimaita shi a raina har na haddace yadda muryata ta fita. Na ce, "Kai dama ba ka yi kukan Mama ba. Ranar da muka binne ta agogo kake ta dubawa. In kai ka gamsu da yadda aka jefa ta a rami kamar wadda ba ta da kowa, ni ban gamsu ba. Za mu yi, da kai ko ba kai."

Can ya ce, "Agogo nake dubawa don awa ɗaya aka ba mu, kuma ni na sa hannu a takardar." Ya tashi ya tayar da babur, sai kuma ya kashe. "To, a yi. Amma a yi a waje, a filin coci, ƙarƙashin rumfa. Kuma ki bar mini tsaron ƙofa."

Na ce na yarda.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti sanarwa ta zo a rufe makarantu, tun ba mu gama jarrabawa ba, wai masu kamuwa sun sake yawa a jihar. Na tattara takardun yara na kulle a kabad. A hanyar gida na ga kiran Yaya har sau biyu, na ƙi ɗauka, don na san abin da zai ce. An riga an ɗinka anko mai hoton Mama, an ɗaure saniya a bayan gida, an aika wa zumuntar mata na ikilisiyoyin da ke kewaye. A raina na ce abin ya wuce a fasa. Bai sake kira ba. Daga baya na ji cewa a wannan makon ya zauna wajen telan unguwarsu, aka ɗinka masa takunkumi buhu guda daga ragowar yadin ankon.

Ranar ta zo da sanyi da iska mai ƙarfi. Tun da safe iskar ta kifar da rumfa biyu, tsofaffi suna zaune suna rawar ɗari. Dattawan coci suka zo suka same ni. Ba su je wajen Yaya ba, sun san wanda zai ce musu e. Suka ce ba a yi wa shugabar zumunta sujada a fili kamar taron siyasa, ga iyayenmu sanyi zai kwantar da su. Na waiga na hango Yaya can bakin hanya yana zuba ruwa a bokiti. Na ce, "A shiga ciki."

Da ya ga ana kwasar kujeru ana shiga da su, ya tsaya da jarka a hannu yana kallona daga nesa. Bai zo ya yi mini magana ba. Ya jawo bokitinsa zuwa ƙofar coci ya tsaya, yana miƙa wa kowa takunkumi, yana roƙon a wanke hannu. Wasu suka sa don kunyarsa. Wasu suka ɗaura a wuyan hannu saboda yadin ya yi kyau. Ya bi tagogi yana buɗewa, tsofaffi suna bin baya suna rufewa.

Ba zan yi ƙarya ba, sujadar ta yi kyau. Ban taɓa ganin irinta a ƙauyenmu ba. Coci ya cika ya batse. Zumunta bayan zumunta suna fitowa da tulu da caki, suna waƙa da Hausa da yarenmu. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, wadda ta yi shekara biyu ba ta fita sai da sanda, ta jingine sandar ta shiga rawa. Yayata ta Abuja ta yi kukan da ta riƙe wata takwas, mata suka kewaye ta suna rungumarta ɗaya bayan ɗaya. Yayana na Legas ya zo da mura da ɗan tari, ya ce sanyin cikin mota ne. Shi ya ba da tarihin Mama, aka yi ta miƙa makirufo ɗaya daga baki zuwa baki.

Da aka kira babban ɗa ya yi godiya, Yaya ya shigo da takunkuminsa. Ya fara magana, na baya suka yi ta ɗaga murya cewa ba sa ji. Fasto ya ce cikin raha, "Likita, yau dai ka bari mu ga fuskarka." Aka yi dariya. Ya cire. Ya faɗi yadda Mama take tashinsa da asuba ya raka ta rafi, da yadda ta sayar da akuyarta ta ƙarshe ranar da zai tafi makarantar aikin lafiya. Sai muryarsa ta karye, ya fashe da kuka a gaban jama'a, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Dattawa suka taso suka rungume shi. Ina zaune a gaba ina jin daɗi a raina, ina cewa ashe shi ma yana bukatar wannan ranar.

Ana rabon abinci ya zo ya zauna kusa da ni da farantinsa. Ya ce, "Ta yi kyau, Auta. Da Mama ta gani da ta ji daɗi."

Na ce, "Ka gani ko?"

Ya ce, "Mu jira sati biyu tukuna."

Na yi dariya na ture kafaɗarsa.

Ba mu kai sati biyun ba. Sabuwar shekara na shiga na tashi da ciwon kai da zazzaɓi. Na je kemis na sayi maganin maleriya kamar yadda kowa ke yi. Bayan kwana uku, ina soya albasa sai na lura ba na jin ƙamshinta. Na ɗauko kwalbar kananzir na kai hancina, ba komai. Na zauna a ƙasan kicin na bar albasar ta ƙone. A ranar yayana na Legas ya bugo ya ce wurin aikinsu sun sa an yi wa kowa gwaji kafin a koma, nasa ya nuna yana ɗauke da ita. Ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya shirya taron.

Sai labari ya fara zuwa daga ƙauye. Wance tana kwance, wance ba ta fito coci ba, matar wani dattijo tana tari ba ta barci. Kowa yana cewa taifod ne, ko sanyi ne. Gwaggo ta kwanta ranar Talata, ta rasu ranar Asabar. Ba a yi mata gwaji ba, aka ce lokaci ne, ta tsufa. Wata ƙawar Mama da ta buga tulu a gaba ranar sujadar ta bi ta bayan 'yan kwanaki.

Na kira Yaya in gaya masa zancen hancina, sai matarsa ta ɗauka. Anti nake ce mata tun ina zaune a gidansu. Ta ce, "Yayanki yau kwanansa uku a ɗakin baya inda yake ajiye citta. Ya kulle kansa, ya hana ni shiga. A bakin ƙofa nake ajiye masa abinci."

Da na sami ƙarfin tashi na rufe fuska na tafi. Na zagaya bayan gidan na tsaya ta taga. Yana zaune a kan katifa a ƙasa, ya jingina da buhunan citta, da ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa a ga ƙarfin numfashi. Ga littafi a gefensa yana rubuta zafin jikinsa da awon sugansa safe da yamma, kamar wani majinyaci daban yake dubawa. Ya rame cikin 'yan kwanakin nan, leɓensa ya bushe.

Abin da ya fara ce mini shi ne, "Ja baya daga tagar."

Na ce, "Ni ma ina da ita, Yaya. Ba na jin ƙamshi."

"Numfashinki fa?"

"Lafiya lau."

"To, mun gode Allah. Ki sha ruwa da yawa. In kin ji nauyi a ƙirji ki kwanta ruf da ciki. Kada ki je coci, kada ki je ƙauye gaisuwar Gwaggo, ko me za su ce."

Yana magana yana tsayawa tsakanin kalmomi kamar mai hawan dutse da kaya. Na riƙe ƙarfen tagar na ce, "Yaya, ni na jawo."

Ya girgiza kai. "Ni na san abin, kuma na zo. Da hannuna na cire takunkumi."

"Ka gaya mini."

"Na gaya miki. Amma ke ba ki taɓa tsayawa a kan wanda numfashi ya gagara ba." Ya yi tari mai tsawo, na jira har ya lafa. "Akwai abin da za ki yi mini. Ki kira Fasto, ki ce ya sanar a coci cewa korona ce. Ya kira ta da sunanta. Duk wanda ya zo sujadar ya zauna a gida, mai tsoho a gida ya ware masa ɗaki. In aka ci gaba da cewa taifod ne za a binne wasu."

A nan bakin tagar na kira Fasto. Da na gama bayani ya ce, "Malama, kin san abin da kike nema? In na faɗi haka, gidanku za a riƙa nunawa da baki."

Na kalli Yaya, ya gyaɗa mini kai. Na ce, "Baba Fasto, ku faɗa. Ku ce ni na aiko."

Ya faɗa ranar Lahadi. Wasu suka ji suka zauna a gida. Wasu suka yi fushi. Wata mata ta aiko mini da saƙo cewa mun gayyaci mutane sun bar aikinsu sun zo mana, yanzu kuma muna laƙaba musu ciwon Turawa.

Ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗauki samfur daga hancin Yaya, suka ce za a aika Kaduna, sakamako sai bayan kwanaki. Kwana biyu da yin haka, da hantsi, Anti ta kira ni tana haki. Ta ce ya buɗe ƙofa da kansa ya ce a nemo mota, lambar da ke yatsarsa ta sauka inda ya ce in ta kai kada a jira. Wani abokinsa da suka yi aiki tare ya kawo motarsa. Asibitin da muka fara zuwa suka sa masa iskar oksijin, suka ce masu bukatarta sun yi yawa, gara mu wuce Jos. Muka hau hanya, tagogi a buɗe, ni a gaba, Anti a baya ta ɗora kansa a cinyarta, ta ce yau kam ba zai hana ta taɓa shi ba. Muna hawan dutsen nan mai lanƙwasa ya buɗe ido ya tambaya ko an kwashe cittar da ya shanya a bayan gida, kada raɓa ta sauka a kanta. Anti ta ce an kwashe. Ba a kwashe ba.

A Jos wasu mutane sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka karɓe shi a ƙofa, suka ce mu iyakarmu nan. Ya ɗaga mana hannu daga kan gadon da ake turawa. Aka ce mu koma gida mu killace kanmu, za a riƙa kiranmu. Muka dawo Kafanchan a ranar.

Akwai wata nas mai kirki da takan kara masa waya a kunne. Rana ta biyu ya iya ce wa Anti ta gai da yara. Rana ta uku ba ya magana, sai ƙarar inji muke ji, Anti ta yi masa addu'a ta wayar har cajinta ya ƙare. Rana ta huɗu, wajen ƙarfe goma na safe, ina shanya kaya wayata ta yi ƙara. Ni suka kira, don lambata ce a takardar. Na taka da ƙafa zuwa gidansu. Na bi ta gefen kasuwa, ta cika maƙil ana ta ciniki, ban ga fuska ɗaya a rufe ba. Anti tana ganina a ƙofa ta zauna a ƙasa. Ban ma buɗe baki ba.

Ba a ba mu gawar mu wanke ba. A akwati a rufe aka kawo shi, ma'aikata suka sauke shi da kansu kusa da Mama. Wannan karon tsoro ne ya hana mutane zuwa. Mutumin da ya yi fiye da shekara talatin yana karɓar haihuwa, yana ɗinke sara, yana bin ƙauyukan da mota ba ta shiga don yi wa yaran mutane allura, 'yan tsirarun mutane ne suka raka shi. 'Ya'yansa biyu suka tsaya nesa da mahaifiyarsu, ba halin su riƙe ta. Fasto ya tambaya ko akwai mai magana daga dangi, duk suka kalle ni, na kasa. Sakamakon gwajin da aka aika Kaduna ya iso bayan mun binne shi.

Ni na warke sarai. Ƙamshi ya dawo mini bayan wata guda, har na ji haushin dawowarsa. A ƙauye wasu suka ce Mama ce ta ji daɗin sujadar ta kira nata. Wasu suka ce hannu aka sa wa gidanmu. Har yau akwai masu cewa suga ne ya kashe likita, ni kuwa na daina gardama. Ana shirin Ista sai allurar rigakafi ta iso, aka ce a fara da ma'aikatan lafiya da tsofaffi da masu ciwo irin nasa. Ranar da na ji sanarwar a rediyo ina cikin shirin tafiya makaranta. Ban je ba. Na cire takalmi na koma na kwanta.

Anti ta yi wata biyar ba ta yi mini magana ba. Ba faɗa, ba zagi. In na je gidan ta amsa gaisuwa ta shige ɗaki. In na kai abinci 'ya'yanta su karɓa. Ta san abin da na faɗa wa mijinta kafin ya yarda, kuma tana tsaye a filin coci lokacin da na ce a shiga ciki. Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Da damina ta zauna, wata Asabar da safe ta aiko a ce in zo da fartanya. Na same ta a gonarsu ta bayan gari, ta riga ta fara shuka gyaɗa ita kaɗai. Ta nuna mini layin da zan bi da hannu. Muka yi ta aiki har rana ta ɗaga. Da muka zauna shan ruwa sai ta ce, idonta yana kan gonar, "Kullum in ana addu'a a coci aka zo wajen da muke cewa mun gafarta wa masu yi mana laifi, sai in yi shiru in bar sauran su wuce. Wata biyar ke nan."

Na ce, "Anti, ban zo roƙon ki yafe mini ba. Ni ma ban yafe wa kaina ba."

Ta ce, "Wannan tsakaninki da Allah ne. Ni dai na gaji da yin shiru a coci. Kuma ba ni da wanda zan yi hirarsa da shi. Yara ba su san shi yana saurayi ba. Ke kin san shi." Ta goge fuska da gefen zane. "Ban ce ya wuce ba. Amma ki riƙa zuwa."

Na ce zan riƙa zuwa.

Muka koma kan shuka. Can sai ta tambaye ni ko na tuna ranar da ya fara zuwa gidan iyayenta a kan keken aro, da wandon da bai kai masa idon sawu ba. Na ce na tuna, ni na goge masa wandon da dutsen guga na gawayi har na ƙona gefen aljihu, ya yini yana rufe wurin da hannu. Ta ce ashe shi ya sa ya gaishe da babanta da hannu ɗaya a aljihu, har tsohon ya ce yaron nan ba shi da tarbiyya. Ta yi dariya har ta ajiye ƙwaryar iri, daga nan dariyar ta koma kuka, na tsaya a layina ina jira, ban matsa kusa ba don ban san ko tana so ba. Ba mu gama shukar ba a ranar. Sai da na koma ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta.